Kafin Ka Sayi Kwamfuta da Kuɗin Albasata

Aliero, ranar Laraba.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a ɗakinka na makaranta a Sakkwato. Allah Ya tsare motar da za ka shiga gobe da direbanta, Ya raba ka da ciwo, da mugun aboki, da ɗan kasuwa mai daɗin baki.

Ƙanwarka Zulai ce ke rubutawa, ni ina faɗa, domin ka san bokona bai wuce rubuta suna a jikin buhu ba. Na so in yi maka saƙon murya a wayar Innarku, sai Zulai ta gaya mini da gudu kake sauraron saƙona, muryata ta koma kamar ta ɗan tsako, kana ta dariya. To, takarda ba ta da wurin dannawa ta yi gudu. Na kuma so in zaunar da kai mu yi magana, amma kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, balle in sa ka a gaba in ba ka labarin wautata. Za a sa maka takardar a jaka ƙarƙashin ƙulliƙulli, inda na tabbata hannunka zai kai tun ranar farko.

Maganar kwamfuta ce. Na sayar da albasar da na ajiye a rudun gabas, rumfar ajiyarta, na sa an tura maka kuɗin. Ka ce duk mai karatun zanen gini sai ya mallaki kwamfuta, kuma ta tebur ta fi araha tunda ana haɗa ta guntu-guntu. Na yarda. Na kuma san sauran maganar da ba ka faɗa ba, domin bangon zaure ba shi da kauri. Na ji ka a waya da abokinka Kabiru kuna ta zancen gem, wasan kwamfuta, da katin da ke sa hoto ya yi gudu. Ban hana ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kuɗin nan sau ɗaya ne. In ka ƙona su, zanen gini sai dai ka yi shi da tsinke a ƙasa. Na ji Kabiru zai kai ka kasuwa ranar Asabar, don haka ka karanta wannan kafin Asabar.

Za ka ce me manomin albasa ya sani a kan kwamfuta. Ka san baƙin akwatin ƙarfen nan da ke ɗakin girki, wanda Innarku ke ajiye daddawa da barkono a ciki, mai huda a gaba da aka toshe da murfin gwangwani? Kwamfuta ce. Tawa ce. Kana ƙarami a lokacin, kana wurin kakarka a Kimba, kuma na roƙi mutanen gidan nan su rufa mini asiri, suka rufa.

A shekarar albasa ta yi kyau, ta kuma yi kuɗi. Wata ranar kasuwa na shiga Jega, na bi ta Sabon Gari, sai na ga wani shago yara sun yi layi har waje suna biya su buga ƙwallo a allo. Na tsaya da babur ina kallo. Kuɗi na shiga, babu ban ruwa, babu feshi, babu ciwon baya. Kafin in iso gida na riga na zama mai shagon gem a zuciyata. Na kama haya kusa da wani tela, na tafi Sakkwato ni kaɗai ban shawarci kowa ba, don tsoron kada wani ya riga ni.

Ina shiga shagon farko, wani saurayi mai tabarau ya taso ya goge mini kujera.

Ya ce, "Alhaji, bismillah, mi kaka nema?"

Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Amma sai na ji kafaɗuna sun buɗe, na gyara zaman hula. Na duba kwamfutocin da ke jere, na zaɓa kamar yadda nake zaɓen albasa. Na nemi babba, mai sheƙi, wadda ba ta da tabo. Na ƙwanƙwasa ta na ji ƙara mai kyau. Har shinshina ta na yi. Saurayin ya kunna, sai ga jajayen fitilu suna zagayawa a gabanta kamar motar amarya.

Na ce, "Wagga tana ƙwallo?"

Ya ce, "Alhaji, wagga har yaƙi tana yi."

Na biya, na ɗauko ta a kan cinyata har Jega, ban yarda an sa ta a but ɗin mota ba.

Abba, albasa fatarta tana faɗin gaskiyar cikinta. Kwamfuta ba ta yin haka. Kada ka biya ko sisi sai an kwance murfin gefe ka ga abin da ke ciki da idonka, an kira maka sunan kowane abu. Fitilu ba sa ƙara gudu, wuta kawai suke sha. Kuma in ka ji mai shago ya fara kiranka Injiniya, ka sa hannu ka dafe aljihunka.

Ranar da na buɗe shago yara sun cika. Aka sa ƙwallo. 'Yan wasan suka fito suna tafiya kamar masu ɗauke da buhu, mutum ya ɗaga ƙafa ya tsaya yana tunani kafin ya ajiye.

Wani yaro ya juyo ya ce, "Baba, 'yan wasanga naka azumi su kai?"

Na kusa da shi ya ce, "A'a, cikin fadama su ka wasa, ba ka ga laka ta riƙe su ba?"

Wani ya buga ƙwallo daga nesa, ya tashi ya je randar tela ya sha ruwa, ya dawo ya tarar ba ta isa raga ba. Kafin la'asar duk na mayar musu da kuɗinsu, har da wasu da nake zaton ba su biya ba.

A nan Allah Ya haɗa ni da Malam Bitrus, mutumin Zuru, malamin kimiyya a wata sakandare a Jega. Ya zo karɓar ɗinki wurin tela, ya ji surutu ya leƙo. Ya ari sukudireban keken ɗinki ya buɗe gefen kwamfutar. Ka taɓa leƙa babban rumbu ka ga dami ɗaya a ƙasa? Haka cikinta yake. Wani tsohon allon ciki ne na kwamfutar ofis, wanda kayanta ke zama a kai, aka ɗaura a sabon akwati.

Ya ce, "Malam Umaru, nawa ka saya?"

Na faɗa masa. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Sannan ya nuna mini wani dogon rami a jikin allon, ya ce nan ake sa katin hoto, shi ne ke ɗaukar nauyin gem. Ya ce in jira a yi hutun makaranta mu je tare mu zaɓo.

Ban jira ba. Washegari ina Sakkwato. Na ce a ba ni kati mafi girma da kuɗina za su iya saya, aka kawo wani na hannu mai fanka biyu, tsawonsa ya kusa kamu guda. Na dawo da murna, na zo sawa, ya ƙi shiga. Ashe akwatin nawa dogo ne a tsaye, gajere ne daga baya zuwa gaba. Katin ya tokare da ƙarfen gaba, saura kamar yatsu huɗu.

Mai hankali zai mayar da katin. Ni sai na kwashe kayan ciki na zuba a faranti, na ɗauki akwatin na kai wa Sanda mai walda, wanda ke yi mana ƙofofi. Na nuna masa inda nake so a huda.

Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Taga kaka so ko ƙohwa?"

Na ce taga ta isa. Ya yanka, ya goge bakin, ya tambaye ni ko a sa mata ƙarfen ɓarayi. Da na mayar da komai, katin ya shiga, amma bakinsa ya leƙo waje ta tagar. Yara suka sa mata suna Mai Gwalo, kuma har na bar Jega wasu ba su san sunana ba sai Baba Mai Gwalo.

Don haka ka auna. Ko da ba yanzu za ka sayi kati ba, ka tambaya kati mai tsawon nawa akwatin yake ɗauka. In mai shago ya fara kame-kame, ka sa tsinke ka auna daga baya zuwa gaba, ka je ka gwada a jikin babban katin da ke shagonsa. Akwati mai faɗi, marar ado, mai ramukan iska, shi ne naka. Ba ya tsada, kuma ba zai kai ka wurin mai walda ba.

Ban gama da Sanda ba. A gefen katin akwai wani ɗan baki da ke son wayar wuta tasa ta daban. Ita kuma wutar kwamfuta duk daga wani ƙaramin akwati take fitowa, suna ce masa fawa-fak. Nawa ba shi da irin wannan waya. Na sake komawa wurin Sanda. Ya ce, "Wuta dut wuta ta, Malam," ya yanko wayoyi biyu ya murɗa, ya naɗe da baƙin tef.

Aka kunna, ta tashi. Abba, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. 'Yan wasan da ke azumi jiya suka koma zomaye. Layi ya wuce ƙofar tela ya sha kwana. Na zauna a bakin ƙofa ina tunanin inda zan buɗe shago na biyu, ko Maiyama ko nan Aliero. Ana cikin haka aka ba da fenariti. Yara suka matso kusa da allo. Ɗan wasan ya ja da baya, ya taho da gudu, sai muka ji tas. Allo ya yi baƙi. Wani wari ya taso kamar ana babbakar kan akuya.

Yaron da ke riƙe da abin wasan bai ko dubi hayaƙin ba, ya ce, "Baba, an ci ko ba a ci ba?"

Har mako ya zagayo suna zuwa in raba musu gardama.

(Yaya, Zulai ce. A nan Baba ya miƙe ya nuna mini yadda ƙarar ta yi, har akuyar Inna ta tsinke igiya. Ya ce kada in rubuta.)

Da Malam Bitrus ya zo, bai yi faɗa ba. Ya zaro mataccen fawa-fak ɗin ya ɗora mini a hannun dama, ya fito da nasa na gida daga jaka ya ɗora mini a hagu. Nasa ya ja hannuna ƙasa. Nawa kamar busasshen ƙoƙo, alhali lambar da aka rubuta a jikinsa ta fi ta nasa girma. Ya ce irin wannan in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja wani. Nawa ya ja katin.

In duk takardar nan za ka manta, kada ka manta wannan. Fawa-fak shi ne farkon abin da za ka saya, kuma sabo, a kwalinsa, da takardar garanti. Ka ɗaga ka ji nauyi. Nauyi kaɗai ba ya isa shaida, amma marar nauyi maƙaryaci ne. Ka tabbata yana da wayar katin hoto a jikinsa ko da za ta zauna a naɗe shekara guda. Ka sayi wanda ƙarfinsa ya fi abin da kake bukata yau. Lokacin da na sayi injin ban ruwa, ai ba don gonar da nake da ita na saya ba, don wadda nake shirin ƙarawa ne, kuma ka ga bai taɓa ba ni kunya ba. Abin mamaki, a gona na san haka, a shago na manta. Sannan ka haɗa da sitabilaiza, domin ka san yadda wutarmu ke zuwa, wani lokaci kamar mai jin kunya, wani lokaci kamar mai neman faɗa. In janareta za a tayar, ka kashe kwamfutar tukuna, sai ya daidaita ka kunna.

Na sayar da shinkafar da muka ajiye, shi ya sa tuwon dawa ya daɗe a gidan nan. Wannan karon tare muka je da Malam Bitrus. Ya zaɓi fawa-fak mai kyau da ƙaramin kati wanda bai kai tagar Sanda ba. Kwamfuta ta yi aiki, yara suka dawo. Ya ce abu ɗaya ya rage, nan gaba a ƙara mata ram. Ram wasu 'yan siraran alluna ne kamar mataji, su ne faɗin tabarmar da kwamfuta ke baza aikinta a kai. In tabarmar ta yi kaɗan, sai ta riƙa naɗewa tana shimfiɗawa, aiki ya yi nauyi.

Ya ce nan gaba. Ni kuma na ji wani akawu a Maiyama yana sayar da guda da araha, na je na karɓo. Allona ramin ram biyu ne da shi, ɗaya a cike, ɗaya babu komai. Na sa, ya ƙi. Na juya, ya ƙi. Akwai wata 'yar tsaga a ƙasan ram ɗin da ya kamata ta dace da wani ɗan tudu a cikin ramin, ban lura ba su dace ba. Na danna da babban yatsa, yatsan da ke dasa albasa. Ya ƙi. Na ari cokalin shayin tela na danna da gindinsa. Ya shiga, amma da ramin gaba ɗaya ya shiga, domin abin ya ɓalle daga jikin allon. Allah Ya taimake ni kwamfutar ta ci gaba da tashi da ɗayan. Ƙari kuwa ya ƙare har abada.

Ram iri-iri ne, na da da na yanzu, kuma kowane allo da irin da yake karɓa. Haka ita ma ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda suke kira firosesa, kowace da irin allon da take zama a kai, kamar bakin inji da tiyo. Ka saye su a shago ɗaya, a haɗa a gabanka. Babban allon, madabod, ka nemi mai ramin ram huɗu. Ka cika biyu da ram iri ɗaya, 'yan biyu, ka bar biyu. Kuma duk abin da ka sa bai shiga da sauƙi ba, ka cire hannunka ka zauna a kansa. Hannun nake nufi. Ba a gyara kwamfuta da ƙarfi.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni kunya. Bazara ta shigo. Shagon rufin kwano ne, ga yara cike, ga numfashi. Da rana ta take sai kwamfutar ta kashe kanta. Malam Bitrus ya tafi Zuru biki. Na zauna na yi tunani da kaina. Na ce, in muna gona ruwan jarka ya yi zafi, me muke yi? Mu jiƙa buhun algarara mu lulluɓa, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi kamar na randa. Da safe na ce Innarku ta ba ni buhu.

Ta ce, "Mi za ka yi da shi, Malam?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Wagga hwa ba randa ta ba."

Na ce, "Ke dai kawo. Wanga ilimi na, ba girki ba."

Ta kawo guda biyu, ta ce in ɗayan ya bushe. Na jiƙa buhu sharkaf, na lulluɓe kwamfutar ruf, na ɗaure da igiya don kada yara su yaye. Na taɓa jikin buhun na ji sanyi, na ji daɗi a raina. Ban san na toshe mata duk inda take numfashi ba. Ruwan kuma ya tsiyaya ya bi ta tagar Sanda ya shiga ciki. Wannan karon babu ƙara, babu hayaƙi. Ta yi shiru kawai, kamar tsohuwar da ta gaji da mutane.

Da Malam Bitrus ya dawo ya tarar da buhun a kanta, ya daɗe a tsaye. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya sake duba na.

Ya ce, "Malam Umaru, kai da kake ajiye albasa wata da watanni ba ta ruɓe ba, yaya kake yi mata?"

Na ce, "Ɗaga ta nika yi daga ƙasa bisa rudu, in bar iska ta shiga ta hita, in tsare ta ga ruwa."

Ya ce, "To."

Ya taya ni kwance buhun, ya matse mini shi, ya ninke.

Don haka ka ɗauki kwamfutarka kamar albasa a rudu. Ka ɗaga ta daga ƙasa. Kada ka manna ta da bango. Fanka ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa, sun ishe ka a yanzu. Na ga Innarku tana saka maka wani mayafi mai furanni wai na rufe kwamfuta. Ka karɓa ka yi godiya, ka rufe akwatin kayanka da shi. In kuma dole ne, sai kwamfutar tana kashe ta huce.

Haka shagon gem ya ƙare. Na mayar da mabuɗi, na ɗauko akwatin a bayan babur cikin buhu don kada a gane. Innarku ta wanke shi ta ce ba za a yi hasara biyu ba.

Makon jiya, da na ga maganarka ta tabbata, na hau babur na tafi Maiyama, can Malam Bitrus yake yanzu tun da ya yi ritaya. Ina sallama ya fito, ya ce, "Malam Umaru, ina buhun?" Matarsa ta kawo zoɓo, sai da ya gama dariyarsa sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce kaya sun canja tun zamanin Mai Gwalo, amma wauta tana nan yadda take. Ga abin da ya ƙara mini, na sa ya maimaita har ya zauna a kaina.

Ya ce ka sayi firosesa mai iya nuna hoto da kanta. Akwai waɗanda in babu kati, allo baƙi kawai za ka gani, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Don haka ka sa a kunna maka kwamfutar babu kati a ciki, ka ga hoto ya fito, sannan ka biya. Ya ce wannan za ta ishe ka zanen shekarar farko, har da ƙananan gem in ba ka da girman kai. Ma'ajiya kuma, ka ɗauki ƙaramar nan mai sauri da ake kira es-es-di, ka bar babbar mai faifai mai juyawa, daga baya ka ƙara. Allon kallo da abin rubutu da linzami, wato maus, na hannu ma sun isa in ka gwada su. Ya ce ka guji tsofaffin 'yan sirarar kwamfutocin ofis da ake jibgewa da araha. Suna da kyau ga mai buga takarda, amma yawancinsu ba su da wurin babban kati, kuma fawa-fak ɗinsu ba kowane ke shiga gurbinsa ba. Ya ce ka kira shi daga cikin shagon in ka rikice, lambarsa tana wayar Innarku. Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi Madam, kafin ka fara tambaya.

Na san abin da Kabiru zai ce. Zai ce kati shi ne komai, ku zuba rabin kuɗin a kansa, ku rage a fawa-fak da allo, ai duk wuta ce. Yaron kirki ne, na san ubansa, tare muke lodin albasa. Amma ka tambaye shi ko ya taɓa jin warin kati. Ni na ji, kuma har yau in ana babbaka da Sallah sai in tashi daga wurin. Abin da ake sauyawa cikin sauƙi, shi ake bari sai daga baya. Abin da komai ke zaune a kansa, shi ake saya da kyau tun farko. Kati ana zare shi a sa wani kafin shayi ya huce. Allo da fawa-fak kuwa, in ka yi kuskure, sai ka rushe ginin duka.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Albasar rudun yamma ban sayar ba. Dillalai sun zo sun yi ta zagaye, na ce babu. Zan riƙe ta har bayan damina lokacin da take tsada. In Allah Ya tsare ta daga laima, kuɗin ɓangare ɗaya na katinka ne.

(Yaya, Inna ta sani. Ita ta ce masa ya riƙe.)

Amma da sharaɗi. Ranar Asabar, in an gama haɗawa, kafin a rufe murfin gefe, ka ɗauki hoton cikinta ka turo. Ba hoton fitilu nake so ba, ba kuma hotonka da Kabiru kuna ɗaga yatsa ba. Ina so in ga dogon ramin nan babu komai a cikinsa. In ga ramin ram biyu babu komai. In ga wayar kati a naɗe a gefe tana jira. In na ga wannan, na san kuɗin albasata sun shiga hannun mai hankali. In kuwa na ga kati ya cika ramin, to na san inda ka rage, kuma rudun yamma sai in sake wa ɗakin Innarku rufi da kuɗinsa, dama yana yoyo.

Ni zan tsare albasa daga ruɓa, kai ka tsare rami daga Kabiru. Ban san wanda aikinsa ya fi wuya ba.

Akwai kuma wata 'yar bukata, ita ba sharaɗi ba ce. In komai ya daidaita, katin ya shiga, ka zo hutu da kwamfutar ko sau ɗaya ne. Duk hasarar nan da na ba ka labari, ban taɓa riƙe abin wasan da hannuna ba. Kullum ina bakin ƙofa ina karɓar kuɗi ko ina mayarwa. Sai mu rufe zaure, ka nuna mini inda ake dannawa, kada ka kalle ni, ni ma ba zan kalle ka ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ko fenariti aka ba ka. Ka ci abinci. Ka yi zanen da aka aike ka yi kafin ka yi yaƙi. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare ka, Ya tsare abin da ke aljihunka, Ya sa albarka a karatunka, Ya kiyaye ka da kwamfutarka daga ruwa da muguwar wuta. Amin.

Mahaifinka,
Umaru.

Yaya, ni ma ina yi maka addu'a. Hoton a wayar Inna za ka turo. Baba ya riga ya sa na duba ko ya shigo, alhali ko motar ba ka shiga ba.

Zulai.